Wai an harbi jaririya a Amurka

   Yau hirarmu a kan wata 'yar kalmar Turanci ce mai harafi huɗu, wadda in ka faɗe ta ba ta kai tsawon tari ɗaya ba, amma na ga ta tayar da hankalin gida guda a cikin minti biyar. Kalmar ita ce shot.

Bari in fara da gidan. Na 'yan'uwana ne, a nan Zandam. Babban ɗan gidan yana karatu a Amurka, matarsa ta haihu a can, an samu 'ya mace. Da jaririyar ta yi wata biyu, sai ya turo wa ƙaninsa saƙo ta WhatsApp, da Turanci kamar yadda yaran yanzu suke yi a tsakaninsu. Ga abin da ya rubuta: baby got her shots today. Ƙanin nan ɗan aji biyar ne a sakandare, kuma ba daƙiƙi ba ne, yana cikin masu zuwa na ɗaya zuwa na biyar a ajinsu. A makaranta an sa su haddace shoot, shot, shot, an ce musu ma'anarta harbi. Ya karanta saƙon sau biyu, jikinsa ya yi sanyi, ya shiga tsakar gida inda mahaifiyarsu take tankaɗe, ya ce, "Inna, Yaya ya ce wai an harbi jaririyar."

Rariya ta faɗi. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati, tana cewa dama ita tun farko ba ta so tafiyar nan ba, ƙasar da ake cewa kowa da bindigarsa a aljihu. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Aka kira waya, ba ta shiga. Aka sake kira, ta shiga ta katse. Har an aika yaro ya kira mai gidan daga masallaci, sai ga hoto ya faɗo cikin wayar: jaririya ƙatuwa, kumatu cike, tana barci, da 'yar filasta a cinyar dama da ta hagu. Allurar rigakafi aka yi mata.

An yi dariya, an yi wa yaron ba'a har ya ƙi cin tuwo a daren. Ni kuwa da labarin ya iso mini ban yi masa dariya ba, domin na taɓa faɗawa irin ramin. Farkon shigata aikin fassarar labarai, an miƙo mini takarda da ke cewa wani fim was shot a wani gari, na zauna na rubuta cewa an yi harbe-harbe a wurin nuna fim. Allah Ya sa wani dattijo a ɗakin ya duba kafin a shiga karantawa. Bai ce mini komai ba, jan biro kawai ya ɗauka ya ja layi, ya rubuta "an ɗauki fim ɗin" a sama. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta taso mini sabuwa.

To ni da yaron nan laifinmu ɗaya: an ba mu mabuɗi guda, aka ce shi ke buɗe kowane ɗaki a gidan.

Amma kafin mu ce Turanci yaren ruɗu ne, mu juyo gida mu dubi tamu kalmar, harbi. Maharbi yana harbi da bindiga ko da kwari da baka, wannan kowa ya sani. Kunama fa? Ita ma harbi take yi, ba ta da bindiga. Zuma da rina harbi suke yi. Jaki in ka bi ta bayansa harbi zai yi maka, shi ya sa ake cewa harbi ga ɗan jaki gado ne. Cuta tana harbin mutum, har mu ce wane ya harbu. In jijiya ta motsa wa tsoho a ƙugu ya ce tana harba masa har ƙafa. Ciwon da aka rasa kansa a ƙauye, wasu su ce harbin iska ne, wasu su ce harbin dawa. A labarai muna jin an harba tauraron ɗan'adam sararin samaniya. Samarin tasha kuwa in suka ce wane ya harba, to sai ka dubi fuskarsu kafin ka gane ko gudu ya yi ko kuwa ya riga mu gidan gaskiya ne. Ka ɗauko Bature ɗan koyon Hausa, ka ce masa jaki ya harbi Malam a kasuwar Sara, wallahi tambayar da zai fara yi ita ce wa ya ba jakin bindiga. Mu ba ma ruɗewa saboda tun muna goye muke jin kalmar a wuraren zamanta. Kunne ya saba, ba ya ma tsayawa tunani.

Haka shot take a kunnen mai ita. Asalinta tsohuwar kalma ce a Turancin Ingila tun fiye da shekara 1000 da suka wuce, tun ba a san bindiga ba, kuma abin da take nufi shi ne cilla abu da ƙarfi ya tafi a guje. Kibiya ce a lokacin, ko mashi. In ka riƙe wannan hoton a zuciya, na abu ya fita fit da sauri ya nufi wani wuri, to kusan duk sauran ma'anonin za ka ga 'ya'yansa ne da jikokinsa. Har kalmar shut da malamai ke ce wa yara su rufe ƙofa, 'yar'uwarta ce, domin asalinta daga zura sakata ne, a cilla ƙarfen ya shige raminsa.

Da bindiga ta zo, sai kalmar ta ɗauki kaya biyu. Ƙarar da aka ji shot ce, abin da ya fita daga bakin bindigar ma shot ne. Tsofaffin maharban ƙasar Gwaram masu bindigar toka sun san abin da nake nufi: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba 'yan ƙwayoyin dalma ko gutsattsarin ƙarfe, a sake dannawa. Waɗannan 'yan ƙwayoyin su Turawa ke kira shot. Akwai wani mai gyaran famfo a garin Bristol na Ingila, William Watts, wanda a 1782 ya yi rajistar dabarar yin su. Sai a narka dalma a saman doguwar hasumiya, a tsiyayo ta ta rariya, kafin ɗigon ya iso ƙasa ya dunƙule ya zama ƙwallo, ya faɗa cikin ruwa ya sandare. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne mu ma ta wannan hanyar muka samu tamu kalmar. Harsashi daga Larabci muka aro ta, kuma a Larabcin rasas dalma ce. Bindiga da albarushi ma duk daga can suka zo. Wato mu da Turawa, kowa ya dubi abin da ke cikin bindiga ya raɗa wa harbin suna.

Daga nan ne wasan nan na makarantun kwana ya samo sunansa. Duk wanda ya taɓa kallon gasar gidaje a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya ga ƙatti suna maƙale dunƙulen ƙarfe a wuya, su juya, su tunkuɗa shi da ƙaraji. Shot put ke nan. Dunƙulen kamannin harsashin igwa ne na da, shi ya sa ake kiransa shot. Na manyan maza kilo 7.26 ne, na mata kilo 4. Wani Ba'amurke mai suna Ryan Crouser ya tunkuɗa shi mita 23.56 a shekarar 2023. Ku auna da taku, kusan taki talatin ne na babban mutum, da ƙarfen da ya fi kwano biyu na gero nauyi.

Yanzu mu koma kan allurar da ta sa Inna salati, domin nan ne maganar take da nauyi.

Amurkawa ne suka fi kiran allura shot, tun farkon ƙarni na 20. Dalilin a fili yake, ruwan magani ake cillawa cikin jiki ta bakin tsini. Mutanen Ingila kuwa sun fi cewa jab, wato suka ko tsira. Mu muka ce allura, muka aro sunan abin ɗinkin tela muka ba likita. Kowa da inda idonsa ya faɗa: wani ya ga cillawar, wani ya ga sukar, mu muka ga tsinin. Har ma mun zarce su, domin mukan ce allurar rigakafin shan inna alhali wadda ake bi gida-gida ana yi ɗigo ce a baki, babu tsini ko ɗaya. Kalmar allura ta bar ƙarfenta a baya ta koma nufin rigakafi kawai, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ma'aikaciyar lafiya ya ce ta yi kuskuren Hausa.

Na ce maganar tana da nauyi ne saboda mun ga abin da zargi ya yi wa rigakafi a ƙasar nan. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa akwai abin hana haihuwa a ciki, ba a koma yi ba sai tsakiyar 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta yaɗu har ƙasashen waje. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an raba Afirka da ƙwayar cutar ta asali. Ba a daɗe ba korona ta kawo nata rigakafin, kashin farko kusan miliyan 4 ya sauka a Abuja ranar 2 ga Maris 2021. A lokacin wayoyin mutane cike suke da bidiyoyin Amurka, ana ta first shot, second shot, booster shot. Ku ɗauka wani mai rabin Turanci ya zauna a majalisa yana fassara wa dattawa, ya ce ai su da bakinsu ma harbi suke kiranta. Wa zai ƙaryata shi, ga shi a rubuce? A wurin da zukata suka riga suka yi tsami, kalma ɗaya da aka fassara a karkace ta isa ta hana uwa kai ɗanta asibiti. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana masu fassara, da malaman asibiti tun daga ɗakin shan magani na ƙauye har Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, in za a yi wa mutanenmu bayani a yi da kalmar da suka sani. Allura allura ce.

Akwai karin maganar Turanci da ta fito daga nan, a shot in the arm. Za ku gan ta a jaridu in gwamnati ta saki kuɗin taki ko ta gyara hanya, a ce abin ya zama haka ga manoma. Ba wanda aka harba a dantse. Ana nufin an yi wa abu allurar ƙarfi, ya farfaɗo, kamar shukar da ta yi yaushi aka samu ruwan dare.

Mu bar asibiti mu leƙa gidan kallon ƙwallo. A nan kam shot ta zama 'yar gida, ba ta neman tafinta. Ku tsaya bakin kowace rumfar kallo a Gwaram ranar Asabar da yamma, janareta na kuka, za ku ji yaro da bai taɓa shiga aji ba yana ihu, "Kai, ka ga shot!" Ya san ba bindiga a filin. Lokacin da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018, duk wanda ya kalla ya ga abin da ake kira shot ba sai an buɗe ƙamus ba. Abin lura shi ne masu sharhin wasanni da Hausa ba su bi Turanci ba. Bugu suka zaɓa: bugun kusurwa, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wannan na ƙarshen, duk wanda ya ƙirƙiro shi Allah Ya yi masa albarka, don ya fi na Turancin fito da hoton abin. Kana jin sa ka ga mutum biyu sun fuskanci juna, fili ya yi tsit.

A fagen hoto ne Hausa da Turanci suka raba hanya sosai. Bature in ya saita kyamara harbi yake yi. Mu ɗauka muke yi. Shi yana ganin kansa maharbi, ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya saita, ya danna. Kalmar snapshot ma ta maharba ce tun asali, harbin da ake yi wa tsuntsu farat ɗaya ba a tsaya saiti ba, kafin masanin taurari John Herschel ya jawo ta fagen hoto a 1860. Mu kuwa a wurinmu kamar wani abu ne na mutum ake ɗagawa a tafi da shi, kuma ina zaton shi ya sa tsofaffinmu da yawa ba sa son a ɗauke su. Baƙin da ke zuwa kallon zanen shanun da mutanen da suka bari a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, in Bature ne ya ce a bar shi ya yi shot ɗaya, in namu ne ya ce a ɗauke shi a jikin dutsen. 'Yan fim ɗin Hausa, tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, sun haɗa biyun: suna ɗaukar fim, amma in ka kira jarumi a waya ya ce maka yana wurin shutin.

Jikar wannan ma'anar ita ce sikirinshot, wadda ta shigo mana tare da tura kuɗi ta waya. Kwanaki na tsaya wurin wani mai POS a bakin kasuwa, wani ya zo ya ce ya turo dubu ashirin a ba shi a hannu, ya miƙa waya yana nuna sikirinshot. Mai POS ɗin bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Alhaji, hoto ba kuɗi ba ne, bari alat ya shigo." Suka tsaya suna kallon juna har na gama abin da nake na tafi.

Sauran karin maganganun kuwa, da za a tambaye ni, cewa zan yi kada ɗalibi ya wahalar da kansa da fassara su kalma-kalma, ya nemo takwarorinsu a gida, domin kusan duk muna da su. In jarida ta kira wani big shot, ƙusa take nufi, mai faɗa a ji. Kwalejin Birnin Kudu da na ambata ta yaye irinsu, cikinsu har da Aliko Dangote da ya gama a 1978. Wanda aka ce shi ke call the shots, shi ne mai wuƙa da nama. Long shot daga fagen sukuwa da caca ta yi ƙarfi, dokin da ba wanda ya sa ran zai zo na ɗaya, mu kuwa da kamar wuya muke cewa, wai gurguwa da auren nesa. A shot in the dark lalube ne a duhu, canki-canka, irin wanda ɗalibi ke yi a jarrabawar JAMB in lokaci ya ƙure ya ga saura tambaya goma. In aka ce ɗan siyasa shot himself in the foot, ya daɓa wa cikinsa wuƙa ke nan. Ku lura, shi Bature ƙafa ya samu, mu ciki muka nufa, tamu ta fi muni. In kuwa aboki ya ce maka give it a shot, gwada sa'arka yake cewa, kuma kakanninmu sun riga shi da cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure.

Akwai kuma shot na abin sha, ɗan mitsitsin kofi na kurɓi ɗaya. A mashayarsu giya ce, a shagon gahawa kuwa gahawa ce mai kauri da ba ta wuce cokali biyu ba. Wannan ba ta shafe mu sosai ba, sai dai in ɗanku ya je waje ya ce ya sha double shot da safe, ku tambaye shi na mene ne kafin ku yanke hukunci.

Wata matsalar kuma ta kunnenmu ce. Shot, short, shirt, shut, kalmomi huɗu ne daban a bakin Bature, mu kuwa kusan abu ɗaya muke ji. Gajeren wandon 'yan firamare muna ce masa shot nika, alhali short ce ta gajarta, ba ruwanta da harbi. Riga muka mai da ita shat. Malaman da ke duba takardun WAEC da NECO suna ganin wannan kowace shekara, yaro yana son ya ce mutumin gajere ne ya rubuta cewa an harbe shi. Ba na ɗora wa yaran laifi. Yaron da bai taɓa jin kalma a bakin mai ita ba, a allo kawai ya gan ta, a aji mai mutum tamanin, da me zai bambance? Abin da zan roƙi malaman Turanci na makarantunmu shi ne in za su koyar da kalma irin wannan, su fara da tambayar yara ma'anonin harbi, ko ci, ko sha. Yaron da ya lissafa cin abinci, cin kasuwa, cin amana, cin jarrabawa, cin mutunci da cin zaɓe da bakinsa, ba zai yi mamaki ba in aka ce masa shot ma tana da fuska goma. Zai fara duba maƙwabtan kalmar kafin ya yanke. Da ɗan'uwan nan nawa ya ga baby, ya ga her shots da jam'i, ya ga babu asibiti babu 'yan sanda a saƙon, da ya tsaya ya yi tunani.

Makon jiya na koma gidan na Zandam gaisuwa. Yaron ya huce, har shi ke ba da labarin da kansa yana kwaikwayon yadda rariya ta faɗi. Ina zaune a kan tabarma wayar Amurka ta shigo, aka miƙa wa Inna. Bayan an gaisa, ta tambayi karatu, ta tambayi sanyi, sai na ji ta ce, "To ya amaryar tawa? An yi mata harbin na biyu kuwa?"